Ranar da Baba Ya Duba Haƙoran Mota

In na ce maka na taɓa sayen mota a hannun ubana mahaifi, da dillali a tsakani, da la'ada da komai, kuma ya ci riba a kaina bai ko ƙifta ido ba, za ka ce ƙaryar 'yan tasha ce. To ka faɗa, bakinka ne. Amma ka daure ka zo Illela ranar Lahadi, ka shiga kara inda ake cinikin dabbobi, ka samu duk tsohon da ka gani da sanda a kafaɗa da goro a kunci, ka ce masa, "Ina labarin motar sabulu?" In bai yi dariya har goron ya faɗo ba, ni zan biya maka kuɗin komawa gida.

Lokacin saura 'yan watanni in cika goma sha takwas, ina ajin ƙarshe a sakandare, kuma ni ne auta a gidanmu. Wasu yaran ciwonsu ƙwallo, wasu 'yan mata. Ni ciwona mota. Garinmu kuwa ba garin da mai irin wannan ciwo zai warke ba ne, don abin da ke wucewa ke nan wuni guda: manyan motocin albasa masu tafiya suna nishi, da ƙananan da ke jigila tsakaninmu da Ƙonni ta Nijar, an cusa mutum tara inda aka yi don biyar. Ina aji malam na bayani, in mota ta wuce a titi sai in raɗa wa na kusa da ni ciwon da ke damunta. Tuƙi kuwa a wurin wankin mota na koya, a bakin tasha. Direba ya bar maka makulli ka matsar da mota taku goma, kai kuma ka matsar da ita ta hanyar da ta fi kowace nisa a garin.

Kuɗin da zan saya da su nawa ne, gumina ne. Tun ina shekara goma sha biyu nake dakon albasa, na yi wankin mota, na yi cajin waya a kasuwa. Matsalata ɗaya, kuɗi ba sa kwana a aljihuna, mai tsire na jin ƙamshinsu tun daga nesa. Sai Inna ta ɓullo da dabara. Duk abin da na samo in kawo mata, in ya kai kuɗin 'yar tunkiya ta miƙa wa Baba ya sayo a kara, ta ɗaure a bayan ɗakinta. Baba dillalin dabbobi ne, shekara talatin yana wannan sana'a, bai taɓa sayo mini wadda ta yi ko tari ba. Suka haihu, 'ya'yan suka haihu, har na wayi gari da tumaki goma sha biyu. Mutane na ajiya a banki, ni bankina kuka yake yi da safe yana neman harawa.

Sai na ga motar.

A garejin bayan tasha na gan ta, ƙarama, ruwan toka, ƙofa huɗu, uku na buɗewa. Ta girme ni, ina jin ma ta girmi yayata ta fari. Amma ni a idona ko motar gwamna ba ta kama ƙafarta ba. Mai ita wani dogo ne mutumin Ƙonni, kullum da kofin shayi a hannu, ya yi shekaru yana jigila da ita, yanzu ya ce ya gaji zai koma noma. Lambarta ta Najeriya ce, takardunta cif, amma shi kuɗinsa sefa yake so. Da na lissafa, ya kama tumakina goma. Ya kuma ce akwai wani mutum a Darna da ya matsa masa, in ban kawo ba nan da Lahadi biyu, ta tafi.

Daga ranar barci da ni muka raba gari. Kullum kafin makaranta sai na bi ta wajen 'yan canji na tambayi sefa. Yau ta hau, gobe ta ƙara hawa, naira na zamewa kamar mai tafiya a laka. Duk hawan da ta yi sai in ga an yanki wani abu a garkena: yau kunne, gobe cinya, jibi rabin tunkiya ya tafi ina tsaye. In dawo gida in ƙirga su, in fita in leƙa gareji ko tana nan, in dawo in sake ƙirga su. Har tumakin suka fara gudu in sun gan ni.

Kuskurena na farko, na tunkari Baba da kaina. Bayan La'asar yana zaune a zaure yana gyara igiya, na durƙusa na kwararo jawabin da na kwana uku ina haddacewa. Zan riƙa ɗauko mata masu kayan miya daga Garu da Gidan Katta ranar kasuwa, Asabar da Lahadi kawai, makaranta ba za ta taɓu ba, gida zai huta da kuɗin kabu-kabu. Na yi magana har bakina ya bushe. Bai ɗago ba.

"Mi kac ce za ka saye?"

"Mota, Baba."

"Da mi?"

"Da tumakina."

Ya aje igiyar. "Tumakin da niz zaɓo maka ɗaya-ɗaya, ina duba bakinsu cikin rana, su za ka kwashe ka ba ƙarhe? Tunkiya ta haihu ta ba ka biyu. Mota in ta haihu mi taka haihwa?"

Na ce, "Kuɗi, Baba."

"Makaniki taka haihwa."

Na yi dariya don in nuna ina cikin raha. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce duk yaron da ya sayi mota a garin nan da kayan miya yake farawa. Wata uku, sai wani ya zo ya ce masa ga jarkokin fetur na sumoga, ga hanyar daji, sawu ɗaya ya fi masa wata guda na ɗaukar mata. Ya tuna mini ɗan maƙwabcinmu da muka yi wasan ƙasa tare, wanda motarsa ta kife da shi a bayan gari yana gudu da kaya, yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Ni na ma riƙe masa ruwa a asibiti.

"Ban yarda ba," in ji Baba. "Tashi ka ba su ruwa."

Na tashi, amma ban haƙura ba. Kwana huɗu na zama yaron kirki irin wanda ba a taɓa haifa ba a unguwar. Na wanke mashin ɗin Baba har sau biyu a rana, har fentin ya fara kokawa. Sahun farko a masallaci, ina riga ladan. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ya tarar na cika ta na riƙe. Rana ta huɗu ya leƙa tsakar gida ya ce wa Inna, "Ke, taɓa jikin yaronga. Ko zazzaɓi na?"

Sefa kuwa ta ƙara hawa. Lahadi ɗaya ta wuce.

Na sami Inna tana yanka sabulu. Sana'arta ke nan a cikin gida, tana dafa sabulun wanki ta zuba a faranti, in ya daskare ta yanka da zare, ta kuma sa masa wani ɗan shuɗin launi da babu mai sa irinsa a unguwar. Na zauna na yi tagumi, na yi ajiyar zuciyar da ta kusa kashe mata wuta.

"Auta, in mutuwa za ka yi matsa can, nan sana'a nika yi."

"Inna, ki sa baki."

"Ni ma ban so. Kana gani ina son a kawo man kai cikin zane?"

Na rantse mata da duk abin da ake rantsuwa da shi cewa jarka ko ta ruwa ce ba za ta shiga motata ba. Ta daɗe tana kallona, zaren a hannunta. Ta san ni da ƙarya iri-iri, amma ta san wadda ba na yi.

"Kai wawa na," ta ce. "Ɗan dillali, amma ba ka san uban da yah haihe ka ba. Ka taɓa ganin mai saye ya tai wurinai da bakinai, miyau na zuba? Mai saye can nesa shika tsayawa, shina kallon wani wuri awa bai so. Dillali ka magana. Kai ko ka tai ka zube gabanai ka nuna mai cikinka duka."

"To ki zama dillaliyata."

"Dillali da la'ada shika aiki."

Na ce ta faɗi. Ta nuna uda mai baƙin gaba, wadda ta fi kowace ƙiba a garken, mai haihuwar tagwaye. Na ji kamar an cire mini haƙori ba allura. Ta ƙara da cewa in mota ta samu, duk Juma'a zan kai ta Gidan Katta ta gaida tsohuwarta, in jira ta ko za ta wuni, ba huci ba duba agogo. Na ce wannan ai zalunci ne, uwa da ɗanta. Ta ce in na ga da tsada in nemi wani dillalin. Na sallama.

Kwana biyu Inna ba ta ce mota ba. Ni ina ta safa da marwa tsakanin gida da gareji da 'yan canji, ita tana ta yanka sabulu. Abin da kawai ta yi, duk sanda Baba zai wuce sai ta dafa ƙugu ta ce wash, kabu-kabun Gidan Katta ya gama da bayanta. Na ce shi ke nan, na yi asarar uda a banza.

Ranar Alhamis da hantsi, yana shan fura kafin ya fita, ta zauna nesa kaɗan. Ni ina bayan rumbu na manne kamar ƙadangare.

"Malam, yaronga za a cuta."

"Wa?"

"Mai motagga. Ni ban ce ka bari shi saye ba, ban ko so. Amma gari duk ya ɗauka. Ana hwaɗin ɗan wane, wanda ba a taɓa sai ma gurguwar akuya ba, ga wani ya taho daga Ƙonni zai sai ma ɗanai gurguwar mota, shi ko uban bai ko iya dubawa ba, wai bai san kan ƙarhe ba."

Na ji ludayi ya tsaya.

"Wa yac ce ban san kan ƙarhe ba?"

"Mutane. Ni dai da ka sa an kawo ta, ka duba ta awa yadda kaka duba dabba, ka nuna mai aibinta da idonai. Shi huta, mu huta."

Sai na ji ya ce, "A kawo ta Assabar bayan Azahar. A share ƙohwar gida tas. Abin da duk ka tahiya bisa ƙahwa huɗu, in ya tsaya wuri guda sai ya zubda abin da ke cikinai. Nan nika gane lahiyatai."

A bayan rumbu na dafe kai. Na san wannan dubawar. Baba ba ya sayen dabba sai ya ɗaure ta a wuri mai tsabta ya jira ya ga kashinta. Motata kuwa, Allah ya rufa asiri, yoyon baƙin mai take yi kamar hancin yaro a lokacin sanyi. Duk inda ta tsaya minti goma sai ta zana taswirar Najeriya da Nijar har da iyaka. Na sani tun ranar farko, na dai hana idona gani.

To ka ji inda wayona ya kai ni. Asabar da safe na saci sabulun Inna guda biyu, na sayi sukari a shago, na nufi gareji. A wurin wanki na ga direbobi na kwaɓa sabulu da sukari su toshe tanki in ya huje a hanya. Na gaya wa mai motar abin da ake ciki. Muka shimfiɗa kwali muka shige ƙarƙashi, ni da shi, kafaɗa da kafaɗa. Na kwaɓa, na liƙe tsagar da ke ƙasan injin, na bi da ƙasa na shafe don kada a ga shuɗin. Na yi aikin da ko a jarrabawa ban taɓa yin mai kyansa ba.

Muka fito yana kaɗe riga, ya daɗe yana kallona.

"Ƙanena, shekara ashirin ina saye ina saisuwa, ban taɓa gamuwa da mai saye irinka ba. Allah shi yawaita mana ku."

Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Bayan Azahar ya kawo ta ƙofar gida. Na share wurin har ƙasa ta yi sheƙi. Abin da ban sani ba, Baba ya gayyato abokan sana'arsa. Tsofaffin dillalai biyar, kowa da sandarsa, suka jeru a kan benci a inuwar dogon yaro kamar alƙalai. Babbansu wani tsoho ne da ya rasa haƙoran gaba, wanda in ya ce ciniki ya faɗa a kara, to ya faɗa. Yaran unguwa suka cika, mata na leƙe ta kan katanga.

Baba ya fito, ya naɗe hannun riga, ya zagaya ta sau uku. Ya ƙwanƙwasa kowace taya da sanda.

"Kohwaton baya ya cinye."

Ya leƙa fitilu. "Ido guda ya yi hakiya."

Ya ja ƙofar da ba ta buɗewa, ya sake ja, ya dubi benci. Benci ya girgiza kai gaba ɗaya.

"Buɗe bakinta."

Mai motar ya ɗaga bonet. Baba ya sa kai ciki kamar yadda yake yi wa bijimi, ya taɓa wannan, ya ja wancan, ya shinshina. Tsohon nan ya ce, "Shekara nawa haƙoran sunka nuna?"

"Wagga ta ga jikokin jikokinta."

Aka kwashe da dariya. Ni ina gefe ina murmushin dole, gumi na bin bayana. Ya sa aka tada ta, aka tafi da ita ƙarshen layi aka dawo, shi ya rufe ido yana saurare. Ya ce tana da tari amma ba mai kisa ba ne. Na ji wani sanyi. Sannan ya nuna wurin da na share.

"Ɗaure ta nan. Sai bayan La'asar."

Ban taɓa ganin La'asar mai nisan ta ranar ba. Na zauna, na tashi. Na shiga gida na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa, na fito. Na je wajen tumaki, suka watse. Ina so in duƙa in leƙa ƙarƙashi, ina tsoron a ga na leƙa, sai in yar da hulata da gangan in sunkuya in ɗauka. Sau huɗu hular na faɗuwa, har tsohon nan ya ce ko kaina ne ya ƙanƙance. Mai motar kuwa ya samu gindin bango ya hura gawayi yana dafa shayinsa, hankali kwance, kamar ba motarsa ake wa hisabi ba. Na dubi rana, tana nan inda na bar ta. Ina jin ranar sai da ladan ya yi barci ya farka ya sake komawa.

Aka yi sallah aka dawo. Baba ya ce a tura ta baya. Muka tura.

Ƙasa fes. Ko ɗigo.

Na ji kamar in yi guɗa. Na dubi Baba ina jiran ya ce to. Shi kuwa ya tsuguna yana kallon wurin, fuskarsa ba ta yi daɗi ba ko kaɗan.

"Tsohuwa awa wagga, ta tsaya tun Azahar ba ta zubda komi ba?" Ya juya wajen benci. "Kun taɓa gani?"

"Sai in an toshe ta," in ji tsohon.

Abin da na manta ke nan. Mutumin da ya shekara talatin yana kama masu ba saniya kanwa ta sha ruwa cikinta ya cika, shi zan ruɗa da tsabta. Da na bar ta ta ɗiga kaɗan, da ya ce tsufa ne. Amma ko a nan da na tsira, ba don kiyashi ba.

Baba ne ya fara ganinsu. Layi guda, siriri, sun taso daga gindin katangarmu, sun ratsa wurin da na share da hannuna, sun bi motar har inda muka tura ta, suna hawa tayar gaba. Wasu na shiga, wasu na fitowa da guzuri. Duk kiyashin Illela, har ina jin da na Ƙonni sun ƙetaro ba takarda. Ya bi su da kan sanda a hankali, kamar mai bin sawun ɓarawo.

"Yaushe kiyashi yaf fara shan baƙin mai?"

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini. Ni na riƙe masa. Dattijo da furfurarsa ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin mota da sanda. Muka ji ƙwas, ƙwas. Sai ga baƙin mai ya tsinke, wanda aka tare tun safe, ya zubo da fushinsa. Baba ya fito rabin hularsa baƙi, a hannunsa wani dunƙule. Ya murje ƙasar da ke jiki. Shuɗi ya bayyana. Ya kai hanci.

Ya dubi mai motar. Mai motar ya aje kofi ya ɗaga hannu biyu.

"Alhaji, wallahi ba ni ba na. Shi yak kawo, shi yal liƙa. Ni hitila kawai nir riƙa mai."

"Na sani," in ji Baba. "Sabulun gidana na."

Dariyar da aka yi a bencin nan, ɗaya sai da aka bubbuga masa baya. Tsohon yana share hawaye yana cewa a kara mai sayarwa ke ɓoye aibi, yau ga mai saye ya ɓoye wa kansa, da sabulun uwarsa. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, ga shi ni na share ta.

Baba bai yi dariya ba. Kunya ce ta kama shi, ta rikiɗe ta zama fushi, kuma a gaban abokan sana'a ba zai tsaya yi wa ɗansa faɗa ba. Sai ya juya kan mai motar, da muryar da yake ciniki da ita.

"Nawa kac ce ma yaronga?"

Mai motar ya faɗa. Da canjin ranar, tumakina goma sha ɗaya ne cif, duk abin da ya rage mini bayan la'adar Inna.

"Kai ji tsoron Allah! Kohwato ya cinye, ido guda, ƙohwa guda ta mutu, ga tari, ga zawo. Wagga ko mahauta ba su karɓa ta." Ya juyo gare ni, yana nuna ta da sanda. "Kai, buɗe kunnenka ka ji darajar abin da kaka hauka a kai." Ya koma kan mai motar. "Kuɗin tunkiya huɗu. Na taya. Ko dala ban ƙarawa."

Na san abin da yake nufi, kowa ma ya sani. Tayin wulaƙanci ne, irin wanda ake yi don mai kaya ya ji haushi ya ja dabbarsa ya tafi. Har Baba ya fara juyawa zai karɓi rigarsa.

Mai motar ya dubi motar. Ya dubi tafkin baƙin man da ke ƙasa. Ya dubi sama. Sai ya taka da sauri ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Na sallama, Alhaji. Allah shi sa albarka."

Wurin ya yi tsit, har kukan tumakina ake ji daga cikin gida.

"Mun shaida," in ji tsohon, yana gyara zama. Sauran huɗun suka ce sun shaida.

In ba ɗan kara ba ne kai, ba za ka gane abin da ya faru ba. Dillali ba shi da shago, ba shi da takarda, bakinsa ne jarinsa. In ya taya aka sallama masa a gaban shaidu ya ce wasa yake, gobe Lahadi babu Bafillacen da zai miƙa masa igiyar ko ɗan akuya. Baba ya dubi benci ko akwai mai ceto, benci na kallonsa da goro a kunci. Daga bayan ƙyauren gida na ji wani tari da na sani, irin wanda Inna ke yi in dariya ta sarƙe ta. Har gobe ta ce ita ba ta shirya komai ba. Ni dai na san ta shekara talatin tana jin yadda mijinta ke ciniki in ransa ya ɓaci.

Daga baya na ji cewa mutumin Darna babu shi, ba a taɓa haifarsa ba. Wata biyar motar na gareji, babu wanda ya taya ta ko da kuɗin tunkiya uku.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin da ya tanada don kasuwar gobe, ya tafi da mai motar wajen 'yan canji, tsohon na biye da su. Kafin rana ta faɗi suka dawo, takardu da makulli a hannun Baba.

Kada in ɓoye maka ƙarshenta, motar ta zama tawa, amma sai bayan wata goma. Sai da na gama jarrabawa, na yi lasisi, na dafa kan Inna na sake rantsuwa a kan jarka. Wata goman nan tana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, kajin unguwa na ƙwai a kujerar baya, ni ina wanke ta duk safiya ina zagaya ta kamar maraya. Tumaki bakwai Baba ya sayar mini da ita, wai ya ciyar da ita inuwa. Inna ce ta sake shiga tsakani, ta kuma sake karɓar la'ada.

Amma a yammacin nan ban san da wannan ba. Ni dai na ga mota ta faɗo daga sha ɗaya zuwa huɗu, na ga Baba da bakinsa ya saya. Na ruga bayan ɗaki na kwanto tumaki huɗu, na zaɓi ramammu, na jawo su har ƙofar gida suna turjewa. Na durƙusa gabansa a gaban benci, haƙorana duka a waje, na miƙa masa igiya da hannun dama, na buɗe na hagu.

"Baba, Allah shi ƙara girma. Ga tumakin. Makullin fa?"

Ya dubi igiyar, ya dubi hannuna. Ya ɗaga rigarsa ya jefa makullin a aljihun ciki, ya daddanna.

"Wane makulli? Ni nit taya, ni anka sallama ma. Maida tumakinka. In kana son motata, tai ka nemo dillali."